Hannun Wa Ke Yanke Hukunci? Tarbiyya, Zubi da Siyasa a Ƙagaggun Labaran Hausa na Zamani

Duk lokacin da aka tayar da maganar tarbiyya a ƙagaggun labaran Hausa, abin da aka saba yi shi ne a buɗe littafi a shiga farautar kalmomi. A duba ko saurayi ya riƙe hannun budurwa, ko yarinya ta ɗaga wa mahaifinta murya, ko an ambaci giya da otal. In an samu, littafi ya zama mai gurɓata tarbiyya. In ba a samu ba, ko kuma an samu amma wanda ya aikata ya gamu da mummunan ƙarshe, sai a ce littafi ne mai faɗakarwa, a sa masa albarka. Wannan ma'auni ya daɗe yana aiki, a shafukan jaridu da ofisoshin tace littattafai, har ma da kundayen digiri na ɗalibanmu, inda babi na huɗu yakan ƙare da jerin "darussan da ke cikin littafin". Wannan takarda tana ganin cewa ma'aunin ya yi gajarta. Tarbiyyar ƙagaggen labari tana zaune ne a cikin zubinsa: wa aka ba bakin magana, wa aka hana, ta wace hanya aka warware ƙulli, kuma hannun wa aka ɗora wa alhakin hukunta mai laifi. Amsar wannan tambaya ta ƙarshe, ko marubuci ya nufa ko bai nufa ba, magana ce ta siyasa.

Kafin a shiga cikin littafi, sunansa ya riga ya yi wa mai karatu alkawari. Marubutanmu suna da sha'awar raɗa wa littafi suna da karin magana: Jiki Magayi, Kitsen Rogo, Ƙarshen Alewa Ƙasa, Tura Ta Kai Bango, Alhaki Kuykuyo Ne. Karin magana kuwa hukunci ne da al'umma ta riga ta yanke tun kafin a haifi taurarin labarin. Saboda haka mai karatu ya san inda za a sauka. Abin da ya rage masa shi ne ya ga ta wace hanya za a bi. Wannan ba aibi ba ne, gado ne daga tatsuniya da waƙoƙin wa'azi, kuma Turawan Hukumar Fassara ta Zariya da suka shirya gasar 1933 sun tarar da shi, ba su suka kawo shi ba. Amma alkawari bashi ne. Marubucin da ya ce alhaki zai bi mai shi, dole ya nemo abin da zai aika ya bi shi, kuma a wajen wannan nema ne ake gane irin kallon da yake yi wa duniyar da yake ciki.

Mu ɗauki littattafan farko a gurguje. A Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, dukiyar Malam Shehu ce ta raba Abubakar da Zainab. Abubakar bai kai ƙara gaban alƙali ko sarki ba, ya shiga duniya neman asiri, kuma sakayyar ta biyo ta kan Kyauta, ɗan da aka haifa a auren, wanda ya lalace har ya zama ajalin mahaifinsa. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa, an ba da labarin bauta ne ta bakin dattijon malami da ke zaune cikin almajiransa, wanda ya riga ya sami natsuwa, yana waiwayen abin da ya wuce a matsayin ƙaddara. Mai karatu yana ganin azabar mahaifiyar Umar a kan hanyar Sahara, yana jin zafinta, amma muryar da ke ba da labarin ba ta tuhumar kowa. Da mahaifiyar ce aka ba bakin magana tun daga farko har ƙarshe, da littafin ya zama wani abu daban, ko da ba a sauya ko da aukuwa ɗaya ba. Wannan shi ne abin da muke nufi da cewa zubi yana ɗauke da hukunci.

A farkon shekarun 1980 aka sami wani yunƙuri na sauya hannun da ke hukunci. Gasar da Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya ta shirya ta haifar da littattafan da aka buga a 1982, cikinsu har da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. Zamanin Jamhuriya ta Biyu ne, kuɗin man fetur sun fara ja da baya amma almubazzaranci bai ragu ba, kuma a 1981 aka tsige Balarabe Musa daga kujerar gwamnan Kaduna, aka kuma kashe Dokta Bala Muhammad a tarzomar Kano. Marubutan wannan zango sun shaƙi wannan iska. Alhaji Gabatari na Turmin Danya attajiri ne ɗan fasa-ƙwauri, wanda kuɗinsa ke buɗe masa ƙofofin ma'aikata, kuma littafin ya ɗauki lokaci yana nuna yadda harkar ke tafiya, wa ke karɓa, wa ke kau da kai. Laifin a nan yana da tsari, yana da ma'aikata, yana da hanyoyin da motoci ke bi. Da dubunsa ta tashi cika, a hannun hukuma ta cika. Wato marubucin yana da sauran imani cewa a cikin gwamnati akwai masu gaskiyar da za su iya kama ɓarawo komai girman rawaninsa. Ana iya cewa wannan fata ce ta wuce gona da iri, kuma shekarun da suka biyo baya ba su gaskata ta ba. Duk da haka fata ce da ke ɗora wa ɗan Adam nauyi: in an yi ɓarna, akwai ofishin da ya kamata ya hana, akwai mutumin da za a tambaya.

Ƙarshen Alewa Ƙasa ya fi shi duhu. Mailoma Bamaguje ne, kuma duniyar da yake ta'asa a cikinta ita ce Nijeriyar bayan yaƙin basasa, inda makamai suka yawaita a hannun waɗanda aka koya wa kisa sannan aka sallame su. An zargi littafin da yawan zubar da jini, kuma gaskiya ne ba littafin da za a karanta wa yara da dare ba ne. Amma abin lura shi ne yadda aka gina tauraron: mai karatu yana tare da shi, yana ganin yadda aka yi ya zama abin da ya zama, har yakan tsinci kansa yana jiran ya ga dabarar da zai ɓullo da ita. Mutuwar Mailoma ta cika alkawarin da sunan littafin ya yi, sai dai ba ta share tambayar da shafukan baya suka dasa ba, wato wace irin ƙasa ce ke ƙera irin wannan mutum. Wanda ya karanta shi a yau, bayan abin da dazuzzukan Zamfara da Katsina suka zama, zai ji tsikar jikinsa ta tashi.

Daga tsakiyar shekarun 1980 al'amari ya juya. Tsarin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Babangida, wanda aka soma a 1986, ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka janye daga buga ƙagaggun labarai. A daidai lokacin kuma yaran da shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976 ya shigar makaranta sun girma, sun iya karatun boko da Hausa, suna neman abin karantawa. Marubuta suka koma buga littattafansu da kansu a ƙananan maɗaba'u, suna kai wa 'yan kasuwa. Wannan shi ne abin da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano, sunan da ya jawo doguwar muhawara tsakaninsa da Abdalla Uba Adamu da wasu a shafukan jaridu. Abin da aka fi faɗa game da wannan adabi shi ne ya bar siyasa ya koma soyayya. A ganina ba barin ta ya yi ba, ɗauko ta ya yi daga dandalin jam'iyya ya shigar da ita tsakar gida, inda ake raba kuɗin cefane, ake yanke wa yarinya ranar aure, ake rubuta takardar saki. Kuma babu littafin da ya fi nuna haka kamar Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, Aliyu Kamal kuma ya fassara shi zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012.

Labarin sananne ne. Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa a Kano, ta haifa masa 'ya'ya tara. Yana ƙuntata wa gida, yana sakin hannu a waje. Ya auro Delu, mace mai zaman kanta, rikici ya tashi, ya saki Rabi ya kore ta da 'ya'yanta. Rabi ta kama sana'ar sayar da abinci, ta riƙe yaran, ta ci gaba da karatunsu. 'Yarta Saudatu ta auri Alhaji Abubakar, mai hali kuma mai kirki. Sai gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu a kasuwa, Delu ta juya masa baya, ya wayi gari ba shi da komai.

In aka tsaya a nan, an sami cikakken labarin wa'azi, kuma a nan ne yawancin sharhin ɗalibai ke tsayawa: wanda ya ci amana, amana za ta ci shi. To amma mu tambaya, wa ya hukunta Alhaji Abdu? Mutum ne da ya yi watsi da ciyarwa da tufatarwa da matsugunin 'ya'yansa, haƙƙoƙin da shari'ar Musulunci ta ɗora masa a fili, ba tare da wata jayayya tsakanin malamai ba. Yana zaune a birni mai alƙalai da masu unguwa da limamai da dattawan kasuwa. Duk cikinsu babu wanda ya zama sanadin dawo da shi kan hanya. Wuta ce ta yi aikin. Mai karatu mumini zai ce ai wannan ita ce sakayyar Allah, kuma ba mai musun cewa Allah yana saka wa wanda aka zalunta. Sai dai a cikin ƙagaggen labari marubuci ne ke riƙe da ashana. Idan ya zamana ba shi da wata hanyar da zai bi ya karɓo wa Rabi haƙƙinta face ya cinna wa kasuwa wuta, to ya faɗa mana wani abu mai nauyi game da kotu da unguwa da dangi, ko da bai ambaci sunansu ba. Gobarar shaida ce cewa duk ƙofofin da mutane ke tsaro a rufe suke.

Wannan dabara ta hukunci daga sama, gobara ko haɗarin mota ko ciwon da likita ya kasa ganewa ko hauka, ta cika littattafan wannan zamani har ta zama kamar ƙa'ida. A hannun marubuci mai rauni, hanyar gudu ce. Tana ba shi damar ya kwashe shafi ɗari biyu yana kwatanta mugunta da daɗin baki, sannan ya wanke hannunsa a shafi biyar na ƙarshe. Tana kuma koya wa mai karatu wani irin haƙuri mai haɗari, wato ya zauna ya jira tayar mota ta fashe. Azzalumin da ke raye a unguwarsu, wanda shagonsa bai ƙone ba kuma ba zai ƙone ba, labarin bai ce komai a kansa ba. Har ma ana iya fahimtar cewa tunda bai ƙone ba, wataƙila ba azzalumi ba ne.

Abin da ya fitar da littafin Balaraba daga wannan sahu shi ne bai tsaya a kan gobarar ba. Bayan Alhaji Abdu ya tsiyace, sai mazan da ke kewaye da Rabi, 'yan'uwa da suruki, suka taso mata a kan ta koma masa. Ba ta so. Ta faɗi dalilanta, kuma mai karatu ya san dalilan gaskiya ne domin tare da ita ya sha wahalar. Amma aka rinjaye ta. Matar da ta gina rayuwarta da tukunya da murhu ta koma ɗaukar nauyin mutumin da ya jefar da ita. A nan karin maganar da ke bangon littafin ta soma tangaɗi. An ce kuykuyon ubangidansa yake bi, ga shi kuwa ya bi ubangidan har ɗakin Rabi ya kwanta. Dattawan da ba a ji ɗuriyarsu da ƙarfi ba lokacin da ake korar mace da 'ya'ya tara, yanzu sun sami murya, kuma kalmomin da ke bakinsu kalmomin tarbiyya ne: haƙuri, rufin asiri, darajar 'ya'ya, abin da mutane za su ce. Marubuciyar ba ta fito ta yi musu raddi ba. Ta dai jera al'amuran yadda mai karatu zai ga lokacin da ake tuna wa mutane da haƙuri, da kuma wanda ake tuna wa.

Wasu manazarta sun ɗauki wannan ƙarshe a matsayin ja da baya, wai marubuciyar ta ji tsoron al'umma ta mayar da Rabi ɗakinta. Ban yarda da wannan karatu ba. Da an bar Rabi ta yi zamanta cikin wadata, Alhaji Abdu yana yawo a titi, da mai karatu ya rufe littafi da sanyin zuciya, ya ce adalci ya tabbata, ya yi barci. Komen da aka tilasta mata shi ke hana wannan barci. Inda nake ganin littafin ya yi sassauci shi ne wajen Saudatu. Ladabinta da kamun kanta sun sami lada, kuma ladan shi ne miji mai kuɗi. Ashe dai mafitar gidan daga wulaƙancin wani alhaji ta biyo ta hannun wani alhajin ne, kuma bambancin da ke tsakaninsu halin kirki ne kawai, abin da ba wata doka da ke tabbatar da ɗorewarsa. Ikon da Alhaji Abubakar ya yi amfani da shi ya tallafi surukarsa, shi ne kuma ya ba maganarsa nauyi lokacin da ake matsa mata ta koma. Ko marubuciyar ta shirya wannan da gangan ko labarin ne ya fi ƙarfinta, sakamakon a kan takarda ɗaya ne.

A Wa Zai Auri Jahila?, wanda shi ma na 1990 ne, ta bi wata hanyar. An cire Abu daga makaranta, an aurar da ita ga Sarkin Noma, dattijon da ya haife ta, ta gudu birni wajen gwaggonta, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. A nan ba a jira gobara ba. Ƙafar yarinyar da makarantar da ta karɓe ta su ne suka warware ƙullin. Littafin ya fi na farko bayyana manufarsa, kuma saboda haka ya fi shi saurin shiga bakin masu suka, amma ta fuskar zubi ya fi shi kwanciyar hankali, domin ya ba mai karatu abin da yake so.

Masu tace littattafai ba su taɓa damuwa da irin wannan bambanci ba. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, kuma a 2007, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafan hikaya a bainar jama'a da sunan kare tarbiyyar 'yan makaranta. Daga baya aka nemi marubuta su yi rajista. Ba a musun cewa akwai littattafan banza a kasuwa, kuma iyaye suna da haƙƙin damuwa da abin da 'ya'yansu ke ɓoyewa a ƙarƙashin matashi. Amma ma'aunin da ke kirga kalmomi yana da wani sakamako da ba a cika lura da shi ba: yana ƙarfafa wa marubuta gwiwar bin hanyar gobara. Marubucin da ya san za a tambaye shi darasin littafinsa, zai tabbatar mugu ya mutu a babin ƙarshe, ya kuma ƙara shafin nasiha. Wanda zai sha wahalar bayani shi ne wanda ya bar mugu da ransa da dukiyarsa, ya nuna sunan ofishin da ya ɗaure masa gindi, alhali shi ne ya fi kusa da faɗin gaskiya.

Ana iya kwatanta wannan da Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, wanda aka rubuta da Ingilishi a kan rayuwar Hausawa, ya fito a 2015, ya ci kyautar adabi ta NLNG a 2016. Hajiya Binta, bazawara mai shekara 55, ta faɗa mu'amala da Reza, shugaban 'yan daba da wani sanata ke amfani da su. Ƙarshen littafin mai ɗaci ne, kuma mai neman darasi zai samu. Sai dai hannun da ya kawar da Reza hannun mutum ne, umurni ne daga ubangidansa na siyasa bayan ya gama amfani da shi, kuma sanatan bai gamu da haɗarin mota ba. Ma'aunin kirga kalmomi zai yi watsi da wannan littafi tun a babin farko.

Yau kuma yawancin sababbin labaran Hausa a waya ake karanta su, ta WhatsApp da Wattpad, babi-babi, sau da yawa sai an biya kafin a ga ci gaba. Wannan ma zubi ne, kuma yana da tasa tarbiyyar. Marubuciyar da abincinta ya dogara a kan mai karatu ya dawo gobe, dole kowane babi ya ƙare da sabon tashin hankali, dole kishiya ta ƙara mugunta, uwar miji ta ƙara makirci, boka ya ƙara shiga. Mugunta takan taru ta yi yawan da babu kotu ko zaman dangi da zai iya warware ta cikin babi ɗaya, sai a kira ciwo ko hauka su zo su share fage. Kuma da yake mata ne suka fi yawa a cikin masu rubutun da masu karatun, abin mamaki ne yadda mugun labarin yakan kasance mace, mijin kuwa a nuna shi a matsayin wanda aka juya wa tunani da asiri, wanda zai farfaɗo a babin ƙarshe ya nemi gafara a yafe masa. Asirin ya ɗauke masa alhakin abin da ya yi da hankalinsa. Alhaji Abdu na Balaraba ba a yi masa wannan rangwame ba: da idonsa biyu ya rage kuɗin cefane, da hannunsa ya rubuta takardar.